Yadda ake rataya wa allon cairo kaya ba tare da memori ta zube ko firogram ya faɗi ba

Wata uku da suka wuce na zauna na rubuta wani ɗan ƙaramin firogram da C don wani shagon buga takardu da ke unguwarmu, aikinsa kawai ya ɗauki hoton ango da amarya da sunaye da ranar ɗaurin aure ya fitar da katin gayyata a PDF, saboda yaron shagon ya gaji da zama yana jan hoto da mawus ɗaya bayan ɗaya har dare. Da laburaren cairo na yi shi. Ranar farko komai lafiya lau, rana ta biyu sai ga kira wai hoton amarya ya fito da wasu layuka kore da ja a goshi kamar an zuba mata tawada, rana ta uku kuma abin ma ƙin buɗewa ya yi, da an saka babban hoto sai ya mutu kawai ya bar Segmentation fault a baƙin allo. Laifina ne ba na cairo ba, kuma gyaran bai wuce layi huɗu ba, amma kafin na gane waɗannan layukan huɗu sai da na ci kwana biyu. Shi ya sa na ce bari na rubuta shi dalla-dalla.

Ga wanda bai sani ba, cairo laburaren zane ne na 2D da aka rubuta da C, Keith Packard da Carl Worth suka faro shi, kuma sunan ba shi da alaƙa da Alƙahira ta Masar, asalin sunansa Xr ne sai aka karanta haruffan biyu da Girkanci aka samu cairo. Sigar 1.0 ta fito a 2005, a shekarar ne kuma GTK 2.8, laburaren yin tagogi da maɓallan firogram, ta fara zane da shi, Poppler mai nuna PDF da Inkscape duk suna amfani da shi. In kana kan Ubuntu ko Debian ka sauke libcairo2-dev, in Fedora ce cairo-devel, sannan wajen haɗa kod ɗinka ka yi haka:

```
gcc -g kati.c -o kati $(pkg-config --cflags --libs cairo)
```

A nan duk inda na ce allo ina nufin cairo_surface_t, wato wurin da ake zana abu a kai, ko hoto ne a memori ko shafin PDF.

To ga inda matsalar take. Cairo yana da wani fankshin mai suna cairo_image_surface_create_for_data, kai ne zaka ba shi rumbun fiksel ɗinka da ka ware da malloc, shi kuma ya naɗe shi ya mayar da shi allo. Abin da mutane da yawa basa lura dashi shi ne cairo ba ya kwafar rumbun nan, adireshinsa kawai yake riƙewa, kamar ka nuna wa mutum ɗakin da ka ajiye buhu ba ka ɗora masa buhun a ka ba. Ni kuma abin da na yi, na buɗe hoto, na zuba fiksel a rumbu, na yi allo, sai na kira free a kan rumbun saboda ai an koya mana duk abin da ka ware ka sake shi, na mayar da allon ga wanda ya kira ni ina jin na yi tsafta. Ƙananan hotuna irin fasfo 150 da 150 basu wuce bayit 90,000 ba, malloc na glibc, wato laburaren C na Linux, ba ya mayar wa sistem irin wannan nan take, fiksel ɗin suna nan kwance har sai wani abu ya zo ya taka su, shi ne layukan da suka fito a goshin amarya. Babban hoto kuwa, misali 1920 da 1080 a bayit huɗu kowane fiksel ya kai bayit 8,294,400, irin wannan glibc yakan ware shi da mmap ne kuma da ka ce free ya mayar, sai cairo ya je karantawa ya tarar babu ƙasa a wurin.

Sai ka ce to kar na yi free ɗin mana. Na gwada, katin ya fito da kyau, amma kowane kati yana barin megabayit takwas a memori, kwamfutar shagon kuma ram ɗinta ba wani yawa ba, kafin a kai kati ɗari biyu ta fara nishi. Kuma ba zaka iya cewa zan sake rumbun bayan na kira cairo_surface_destroy ba, don wannan fankshin sunansa ne kawai mai ban tsoro, ba ya rusa komai kai tsaye, ƙidayar masu riƙe da allon yake ragewa da ɗaya. In ka yi cairo_create a kan allon, ƙidaya ta ƙaru. In ka yi cairo_set_source_surface da shi, an ƙirƙiri wani cairo_pattern_t a ɓoye shi ma ya riƙe. Sai ƙidayar ta sauka sifili allon yake mutuwa da gaske, kuma sau da yawa ba kai ne mai sakin ƙarshe ba, baka ma san lokacin ba. Wanda ya san lokacin shi ne cairo, don haka shi za a ba aikin kwashe kayan.

Mataki na farko, ka yi mabuɗi. Mabuɗin nan wani abu ne mai ban dariya in ka leƙa cikinsa, cairo_user_data_key_t ba komai a ciki sai int guda ɗaya da aka ma sa wa suna unused, ba a taɓa karanta shi. Adireshinsa a memori shi ne mabuɗin. Dabarar ita ce abubuwa biyu ba za su taɓa zama a adireshi ɗaya ba, saboda haka kai da wani laburare daban kuna iya rataya kaya a allo ɗaya ba wanda zai taka na wani, ba kamar g_object_set_data na GLib ba, laburaren da GTK take tsaye a kai, inda mabuɗin suna ne da ka rubuta, in ku biyu kuka zaɓi suna ɗaya shikenan an yi karo.

```c
static cairo_user_data_key_t mabudin_fiksel;
```

Ka sa shi a saman fayil ɗin .c, waje da kowane fankshin, ko a cikin fankshin amma da static. Kar ka kuskura ka yi shi ba static a cikin fankshin, don da fankshin ya dawo adireshin ya zama na kowa, gobe wani abu daban zai zauna a wurin. Kuma kar ka sa layin nan na static a fayil ɗin .h, wannan kam ya cinye min rabin yini, saboda kowane .c da ya jawo .h ɗin zai samu nasa kwafin da nasa adireshin, ka rataya kaya a hoto.c ka je nema a pdf.c a ce maka NULL alhali sunan mabuɗin iri ɗaya ne a idonka. In dole fayil biyu su yi tarayya, ka sa extern a .h ka ajiye na gaskiyar a .c guda ɗaya, ko abin da na fi so, ka bar mabuɗin a ɓoye ka rubuta ƙananan fankshin biyu na sakawa da ɗaukowa. Zaka ga misalai da yawa suna sa const a gabansa, ba laifi, ni dai na daina, don akwai zaɓin gcc mai suna -fmerge-all-constants da yake iya haɗe abubuwan const masu kama ɗaya su koma adireshi ɗaya, mabuɗai kuma duk sifili ne a ciki.

Mataki na biyu shi ne ratayawar kanta, ga fankshin ɗin da ya maye gurbin wanda ya ɓata goshin amarya:

```c
cairo_surface_t *sabon_allo(int fadi, int tsawo)
{
    int taki = cairo_format_stride_for_width(CAIRO_FORMAT_ARGB32, fadi);
    if (taki < 0)
        return NULL;

    unsigned char *rumbu = calloc(tsawo, taki);
    if (!rumbu)
        return NULL;

    cairo_surface_t *allo = cairo_image_surface_create_for_data(
        rumbu, CAIRO_FORMAT_ARGB32, fadi, tsawo, taki);

    if (cairo_surface_set_user_data(allo, &mabudin_fiksel, rumbu, free)
            != CAIRO_STATUS_SUCCESS) {
        cairo_surface_destroy(allo);
        free(rumbu);
        return NULL;
    }
    return allo;
}
```

Abu huɗu cairo_surface_set_user_data yake karɓa, allon, adireshin mabuɗi, kayan, sai fankshin ɗin da zai kwashe kayan in lokaci ya yi. A nan free na ba shi kai tsaye don siffarsu ta zo ɗaya, yana karɓar void * ba ya mayar da komai. Daga wannan layin rumbun ya bar hannunka, ka manta dashi, ranar da mai riƙe na ƙarshe ya saki allon cairo zai kira free da kansa. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, haka GTK 2 take yi a cikin gdk_cairo_set_source_pixbuf, ta ware rumbu ta rataya shi da g_free.

Ka lura da wancan if ɗin da kyau, ba ado ba ne. In ratayawar ta gaza cairo ba zai kira mai kwashewar ba, kayan suna hannunka har yanzu, kai zaka sake su, kuma ka fara sakin allon kafin rumbun. Wani abin kuma, cairo ba ya mayar da NULL in ƙirƙirar allo ta gaza, wani allon bogi yake baka mai ɗauke da lambar kuskure a jikinsa, in ka yi ƙoƙarin rataya masa kaya sai ya mayar maka da wannan lambar, kaga kenan if ɗaya ya kama kuskure iri biyu. Takin layi kuma, wato yawan bayit da kowane layin fiksel yake ci a rumbu, kar ka lissafa da ka, ka bar cairo_format_stride_for_width ya faɗa maka, yana nan tun sigar 1.6.

Mataki na uku, kayan da ba rumbu ba. Ni a firogram ɗin kati ina son kowane hoto ya tuna sunan fayil ɗin da ya fito da lambar katin, don in wani abu ya lalace saƙon kuskure ya ce hoton wane ne maimakon yaron shago ya kira ni yana cewa Malam ya sake yi. Da farko wani tebur na yi a gefe mai haɗa adireshin allo da bayaninsa, sai ya zama duk inda allo ya mutu sai na tuna na goge shi a tebur, in na manta kuma malloc ya sake ba da wannan adireshin ga sabon allo sai hoton wani ya ɗauki sunan wani. Ratayawa ta kashe wannan duka.

```c
typedef struct {
    char *sunan_fayil;
    int lambar_kati;
} Bayani;

static cairo_user_data_key_t mabudin_bayani;

static void kwashe_bayani(void *p)
{
    Bayani *b = p;
    free(b->sunan_fayil);
    free(b);
}
```

Ka ware Bayani, ka kwafi sunan da strdup, ka rataya da mabudin_bayani da kwashe_bayani, ɗaukowa kuma layi ɗaya ne:

```c
Bayani *b = cairo_surface_get_user_data(allo, &mabudin_bayani);
```

In babu komai a wannan mabuɗin NULL zaka samu, don haka ka duba kafin ka taɓa. Abin da ka ɗauko aro ne, kar ka yi masa free, kuma kar ka adana shi a wani wuri ya wuce rayuwar allon. Allo ɗaya yana ɗaukar mabuɗai da yawa, ga na fiksel ga na bayani, amma a ciki cairo jeri ne kawai yake bi ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta adireshi, biyar ko goma ba komai, in ka ga kana neman ɗari to ka tattara su a struct guda ka rataya shi sau ɗaya.

Yanzu sai wurin da ya fi cizo, canzawa da cirewa. In ka sake kiran set da mabuɗin da yake da kaya, cairo zai fara kiran mai kwashewar tsohon kayan nan take sannan ya ɗora sabon. Wannan daidai ne in sabon kaya ne da gaske. Amma dubi abin da na yi wata rana, na ɗauko Bayani, na canza lambar kati, sai na ce bari na mayar da shi na sake kiran set da wannan foyintar dai. Cairo ba ya duba ko tsohon da sabon abu ɗaya ne, ya kwashe shi, sannan ya adana adireshin gawar, can gaba da allon ya mutu ya sake kwashewa karo na biyu, sai glibc ya tsayar da komai yana ƙorafin an yi free sau biyu. In zaka gyara abin da ke rataye ka gyara shi a inda yake, b->lambar_kati = 12 ya wadatar, ba sai ka mayar ba don dama bai bar wurin ba.

Cirewa kuma NULL ake bayarwa a matsayin kaya:

```c
cairo_surface_set_user_data(allo, &mabudin_bayani, NULL, NULL);
```

Shi ma yana kiran mai kwashewa. Wato babu hanyar da zaka ce cairo bani kayana na fasa, GLib tana da g_object_steal_data don wannan, cairo ba shi da irinsa, kuma gaskiya a ganina giɓi ne. In ka san wata rana zaka buƙaci ƙwace kayan, ka rataya ɗan akwati, struct mai foyinta ɗaya a ciki, ranar ƙwacewa ka zare abin cikin ka sa NULL a gurbinsa, mai kwashewa ya zo ya tarar da akwati wayam ya tafi da akwatin kawai. Tunda NULL yana nufin cirewa, akwai wani tarko ga masu son cusa lamba kai tsaye a matsayin foyinta don gudun malloc, lamba 0 zata koma NULL, kati na farko kenan ya ɓace in daga sifili kake ƙirga. Ka ƙara ɗaya wajen sakawa ka rage wajen ɗaukowa, mai kwashewa kuma ka ba da NULL don babu abin kwashewa.

Shi mai kwashewar ka bar shi gajere, ya saki abin da aka miƙa masa ya fita. Kar ya je neman wani kayan a jikin allon da ke mutuwa, a sigogin yanzu in ƙidaya ta kai sifili get NULL yake bayarwa, kuma kar ka dogara da wane mabuɗi za a fara kwashewa, in abu biyu sun dogara da juna ka haɗa su a struct ɗaya da mai kwashewa ɗaya ka tsara jerin da kanka. Abu mafi muni shi ne kayan su riƙe allon da suke rataye a kai, misali ka sa cairo_t na allon a cikin Bayani don sauƙin zane. Allo yana jiran ƙidaya ta kai sifili ya saki kaya, kaya suna jiran a sake su kafin su saki allo, an yi cirko-cirko har a kashe firogram. In kana zargin haka ka buga cairo_surface_get_reference_count kafin destroy ɗinka na ƙarshe, in ka ga 2 inda kake tsammanin 1 to akwai mai riƙe a ɓoye. In kana aiki da zare fiye da ɗaya kuma, wato thread, sassan firogram masu gudu a lokaci guda, ƙidayar tana da kariya amma jerin kayan ba shi da kulle, kuma mai kwashewa zai gudu ne a zaren da ya yi sakin ƙarshe ko wanne ne, ka rataya komai tun kafin ka miƙa allon ga wani zaren.

Ba allo kaɗai ake rataya wa kaya ba. Akwai cairo_font_face_set_user_data tun farko, sigar 1.4 ta 2007 ta kawo na cairo_t da na cairo_pattern_t da na cairo_scaled_font_t, ta 1.10 a 2010 ta kawo na cairo_device_t, duk tsarinsu ɗaya. Wanda ya fi shafarmu mu masu rubuta Hausa shi ne na zubin haruffa, don in ka bar cairo ya zaɓo maka zubi da kansa wata rana zaka ga akwati a inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya fito, katin biki kuma a rubuta ɗaurin aure da akwati a gaba ai abin kunya ne. Ni fayil ɗin zubin nake ɗorawa da kaina ta laburaren FreeType mai buɗe fayil ɗin zubi, abin da ya bani shi na kira fuska a kod ɗin ƙasa, irin su DejaVu Sans da Noto Sans da Charis suna da haruffanmu masu lanƙwasa.

```c
static cairo_user_data_key_t mabudin_zubi;

static void kwashe_zubi(void *p)
{
    FT_Done_Face((FT_Face) p);
}

cairo_font_face_t *zubi = cairo_ft_font_face_create_for_ft_face(fuska, 0);
if (cairo_font_face_set_user_data(zubi, &mabudin_zubi, fuska, kwashe_zubi)) {
    cairo_font_face_destroy(zubi);
    FT_Done_Face(fuska);
    return NULL;
}
```

Kar ka manta da cairo-ft.h da ƙara freetype2 a layin pkg-config. Misalin da cairo ya bayar da kansa yana tilasta FT_Done_Face ya shiga kai tsaye, yana aiki a kusan ko'ina, amma FT_Done_Face yana mayar da lamba, siffarsa ba ta mai kwashewa bace, layi uku na naɗi basu da tsada. A nan ratayawa ta fi zama dole fiye da ta hoto, saboda cairo yana da ma'ajiyar zubi a ciki, ko ka saki naka yana iya ci gaba da riƙewa don kar ya sake wahalar lodawa, baka da hanyar sanin yaushe zai saki. Saboda haka ma FT_Done_FreeType kar ka yi gaggawar kiransa a tsakiyar aiki. In Ajami kake son bugawa kuwa cairo_show_text ba zai haɗa maka haruffa daga dama zuwa hagu ba, wannan aikin Pango ne, laburaren tsara rubutu, maganar wata rana.

Fayil ɗin da ake rubuta PDF a ciki ma ana iya rataya shi. In ka yi allo da cairo_pdf_surface_create_for_stream ka ba shi FILE ɗinka, cairo sai a ƙarshe yake zuba wutsiyar PDF ɗin, in ka rufe fayil da wuri ka samu takardar da ba mai iya buɗewa. Wajen mutuwar allo cairo yana kammala rubutu tukuna sannan ya kwashe kaya, don haka naɗa fclose a mai kwashewa yana aiki. Sai dai ni a nan ban cika so ba, don mai kwashewa ba shi da bakin faɗar kuskure, in filashin ya cika ko an zare shi ba wanda zai ji. Na fi son na kira cairo_surface_finish da kaina, na duba cairo_surface_status, na yi fflush na duba shi ma. Ka sani dai finish ba ya kwashe kayan da ka rataya, yana yanke alaƙar allon da waje ne kawai, kayan sai destroy na ƙarshe.

Saura nau'i ɗaya na rataye wanda shi cairo da kansa yake karantawa, kuma shi ya ceci datar mutane. Katunan farko da na fitar kowanne nauyinsa ya wuce hankali, ana turawa a WhatsApp ana tsaki, dalili shi ne hoton JPEG da na warware ya koma fiksel, cairo kuma ya matse fiksel ɗin da matsi mara asara ya zuba a PDF, wanda ga hoton kyamara ba ya rage wani abin kirki. Tun sigar 1.10 akwai cairo_surface_set_mime_data, kana rataya ainihin bayit ɗin JPEG a jikin allon, in aka zo zana shi a PDF sai cairo ya ɗauki JPEG ɗin yadda yake ya saka.

```c
if (cairo_surface_set_mime_data(allo, CAIRO_MIME_TYPE_JPEG,
        jpeg, girman_jpeg, free, jpeg) != CAIRO_STATUS_SUCCESS)
    free(jpeg);
```

A nan mabuɗin suna ne ba adireshi ba, kuma jpeg ya fito sau biyu don na ƙarshen shi ake miƙa wa mai kwashewa. Cairo ba ya warware JPEG da kansa, PNG kaɗai ya iya buɗewa, sai ka nemi libjpeg-turbo ko gdk-pixbuf su baka fiksel, kuma allon ya zama faɗi da tsawonsa daidai da na hoton, CAIRO_FORMAT_RGB24 ya fi dacewa tunda JPEG ba shi da shara-shara. Jerin aikin yana da muhimmanci sosai, ka zuba fiksel, ka kira cairo_surface_mark_dirty, sannan a ƙarshe ka rataya JPEG. Da ka zana ko ɗigo ɗaya a kan allon bayan haka cairo zai jefar da JPEG ɗin shiru ba sanarwa, kuma yana da gaskiya tunda hoton ya canza. Ni na sa wa hoton ango zobe na zinariya a gefe a kan allon hoton kansa, fayil ya koma nauyinsa na da ina ta mamaki, ashe zoben a shafin PDF ya kamata na zana shi bayan na ɗora hoton. Akwai kuma CAIRO_MIME_TYPE_UNIQUE_ID, in tambarin shago zai fito a shafi ɗari uku ka ba shi suna ɗaya ta nan, PDF zai ajiye shi sau ɗaya.

Kafin ka miƙa wa kowa, ka gwada. Hanya mafi arha ka sa fprintf a cikin kowane mai kwashewa ka ƙirga, in ka loda hoto goma ka ga an kwashe goma, ba tara ba ba sha ɗaya ba. Sannan ka haɗa da -fsanitize=address -g ka sake gudu, da na yi haka tun ranar farko da ya nuna min layin free ɗin da layin da aka karanta bayansa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ko ka bi ta valgrind, firogram mai binciken memori:

```
valgrind --leak-check=full ./kati ango.jpg amarya.jpg
```

Zai kawo maka dogon jeri na abubuwan da cairo da fontconfig suka ajiye a ma'ajiyarsu, kar ka firgita, ka kira cairo_debug_reset_static_data a ƙarshen main bayan ka saki komai naka, sai jerin ya ragu ka ga naka a fili. Wannan fankshin na gwaji ne kawai, in akwai abin cairo da yake raye lokacin da ka kira shi yana iya tsayar da firogram ɗin, wanda shi ma labari ne yake baka cewa akwai abin da ka manta baka saki ba. Layin da zaka nema a rahoton shi ne definitely lost, in ka ga sunan sabon_allo a ƙarƙashinsa to ka koma ka ƙirga destroy ɗinka, galibi wani cairo_t ne ka yi create baka yi masa cairo_destroy ba yana can yana riƙe da allon.